Abin da Ruwan Rijiya Ya Koya Mini Game da Na'urar Gano Dalma

A shekarar 2010, lokacin da labarin gubar dalma ya ɓullo daga ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Yargalma da Bagega, inda yara fiye da 400 suka rasu sakamakon niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a tsakar gidaje, ina ɗalibin ilimin sinadarai. Bayan shekara biyar irin wannan masifa ta sake aukuwa a Shikira da ke jihar Neja. Gaskiya ne cewa a can ƙura da ƙasa ne suka fi kai gubar jikin yara, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne ruwa, domin dalmar da ta narke a cikinsa ba ta sauya masa launi ko ɗanɗano, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa iyakarta a maikirogiram 10 kacal cikin kowace lita. Injin da aka saba auna wannan ƙanƙanin adadi da shi yana da tsada, yana buƙatar tsayayyiyar wutar lantarki da tukunyar gas, saboda haka ba ya zuwa bakin rijiya. Wannan ne ya sa, da na samu damar yin bincike, na ɗauri aniyar haɗa ƙaramar na'ura mai aiki da lantarki wadda aka lulluɓe bakinta da folima, wato sinadari dangin roba.

Tsarin aikin ba shi da wuyar fahimta. Ana tsoma sanduna uku a cikin ruwan da za a gwada: ɗaya ta kabon mai santsi kamar gilashi, wadda a bakinta ake kama ƙarfen, ɗaya ta azurfa da ake auna ƙarfin lantarki da ita, sai kuma wayar filatinam da ke cika zagayen wutar. Da farko akan riƙe sandar kabon a wajen bolt 1.2 ƙasa da sifili na tsawon minti biyu ana motsa ruwan, sai ƙarafan da suka narke su taru su manne a bakinta. Daga nan akan riƙa ɗaga ƙarfin lantarkin sannu a hankali, kowane ƙarfe ya saki sandar a nasa matakin, kadmiyom (wani ƙarfe mai guba) kusa da 0.8 ƙasa da sifili, dalma kusa da 0.5, kuma kowace saki tana fitowa a fuskar kwamfuta kamar tozon sa. Wurin tozon yana faɗin wane ƙarfe ne, tsayinsa kuma yana faɗin yawansa. A da da zaiba ake shafe sandar, wato a nemi guba da guba, har sai da aka fara maye gurbinta da bismut, wani ƙarfe mai ƙarancin guba, tun daga shekarar 2000.

Folimar da na zaɓa ita ce foliyanilin, wadda ke iya ɗaukar wutar lantarki, kuma tana da ƙwayoyin naitirojin da ke janyo ƙarfe su riƙe. A kan sandar ake tsirar da ita a cikin ruwan asid, ta hanyar kai lantarki gaba da dawo da shi baya sau da yawa, har mutum ya ga wani koren yayi ya rufe bakin kabon. A nan na yi kuskurena na farko, kuma kwaɗayi ne ya jawo shi. Na ɗauka cewa gwargwadon kaurin folimar, gwargwadon ƙarfen da za ta kama, sai na yawaita zagayen har yayin ya yi duhu. Abin da na samu shi ne tozon dalma ya baje ya nutse cikin hayaniyar wutar da folimar kanta ke tarawa, wata rana ma yayin ya ɓare ya faɗa cikin kofin ina kallo. Sai da na koma ga ɗan siririn yayi da ido ke gani da ƙyar, bayan na goge sandar da garin alumina har ta yi ƙyalli, sannan tozon ya miƙe tsaf. Haka kuma na gane cewa foliyanilin ba ta aiki sai a ruwa mai ɗan tsami, shi kuwa tsami idan ya yi yawa yakan hana ƙarfen mannewa, don haka na tsaya a ruwan asitet mai awon tsami 4.5.

Akwai wani mako da na ga dalma a cikin tataccen ruwan da ban zuba masa komai ba. Na zargi sandar, na zargi folimar, na sake haɗa komai, ashe kofunan gilashin ne da wani ya taɓa aiki da gishirin dalma a cikinsu. Sabulu ba ya fitar da wannan, sai an jiƙa kayan a ruwan asid na naitirik ya kwana.

Duk wannan wasan yara ne idan aka kwatanta da ranar da na fara gwada ruwan rijiya na gaske. Na'urar da ta yi watanni tana ba ni layi miƙaƙƙe a tataccen ruwa ta koma tana nuna kusan babu komai, ko da na zuba dalma da hannuna. Ruwan rijiya ba ruwa kaɗai ba ne: akwai ruɓaɓɓen ganye da ya narke a ciki, wanda ke naɗe ƙwayoyin dalma ya kuma toshe bakin sandar, akwai kuma jan ƙarfe da ke rige sauran ƙarafa wurin zama ya danne tozonsu. Na ɗiga ɗan Nafion, wata folimar daban, a kan yayin domin ya tare ƙazantar ya bar ƙarfe ya wuce, na ƙara ɗan gishirin ferosayanaid domin ya ɗaure jan ƙarfen. Mafi muhimmanci, na daina kwatanta ruwan rijiya da awon da na yi a tataccen ruwa, na koma auna shi yadda yake, sannan in ƙara masa sanannen adadin dalma sau biyu ko uku in ga yadda tozon ke ƙaruwa, daga nan in lissafa abin da ke ciki tun asali. A ganina duk wanda ya ba da sakamakon ruwan gari ba ta wannan hanya ba, da sauran tambaya a kansa.

Ɗibar ruwan ma tana da ƙa'ida. Idan ba a ɗiga asid a kwalbar roba tun a bakin rijiya ba, dalma takan manne a jikin kwalbar kafin a iso ɗakin gwaji, idan kuma aka tace ruwa mai laka, an zubar da dalmar da ke jikin lakar, alhali mai gida da lakar yake sha. Saboda haka nake raba kowane ruwa gida biyu, in aika da rabi a auna da babban inji.

Wani dattijo da na ɗebi ruwan rijiyarsa ya tsare ni da tambaya ko jikokinsa su ci gaba da sha. Na'urar ba ta nuna dalma ba a ranar, amma na ce masa: "Baba, ku yi mini haƙuri har sakamakon babban inji ya fito, domin wannan na'urar dalma da kadmiyom kawai take nema, ƙwayoyin cuta ma ba ta ganinsu." Bayan sati biyu na koma masa da takardar, na kuma ɗebi wata kwalbar, domin a lokacin damina ta sauka kuma ruwan ya sauya launi.