Yadda na share ƙamus na Python a manhajar cinikin wani sito a Maradi

Wani dillalin hatsi mai sito kusa da babbar kasuwar Maradi ya nemi in rubuta masa ƙaramar manhaja da za ta riƙe lissafin cinikin kowace rana. Na yi aikin da Python, harshen rubuta manhaja da Guido van Rossum ya fitar a 1991, na zuba cinikin a cikin ƙamus, wato dict, inda sunan kaya ke zama mabuɗi, yawan buhunan da aka sayar kuma ya zama ƙimarsa: gero 40, wake 12, aya 7. Da an rufe sito da magariba, dole a kwashe duk abin da ke ciki domin lissafin gobe ya fara daga tushe.

Hanyoyi biyu ne a gabana, ko in rubuta ciniki = {} ko in rubuta ciniki.clear(), kuma a ido duka biyun suna barin ƙamus fayau. Amma sashen da ke buga rahoto yana riƙe da wannan ƙamus ɗin da wani suna, rahoto = ciniki, shi ya sa na gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin in zaɓa. Da na yi amfani da ta farko, sai rahoto ya ci gaba da nuna gero 40, domin Python bai taɓa tsohon ƙamus ba; sabo ya ƙirƙira ya ɗora masa sunan, kamar wanda ya cire tambari daga cikakken buhu ya liƙa wa buhun da babu komai. Umarnin id(), mai nuna lambar shaidar kowane abu a Python, ya tabbatar da haka, lambobin sunayen biyu sun bambanta. Da clear() kuwa, ainihin ƙamus ɗin aka zazzage, sunayen biyu suka nuna {}, wato ƙamus fayau, lokaci guda, kuma ita na ɗauka.

Sai dai ƙarfin clear() shi ne haɗarinta. Dillalin yana so a adana cinikin kowace rana don lissafin ƙarshen mako, kuma idan aka rubuta tarihi.append(ciniki) sannan aka share, abin da aka adana ma ya tafi, tunda jerin da ake adanawa a ciki, wato tarihi, bai ajiye kwafi ba, ƙamus ɗin nan dai yake nunawa. Maganin shi ne tarihi.append(ciniki.copy()) kafin sharewa. Haka nan clear() ba ta mayar da komai sai None, wato babu, saboda haka ciniki = ciniki.clear() yana raba mutum da ƙamus ɗinsa baki ɗaya. HashMap na Java da Map na JavaScript, wato ƙamus na waɗannan harsunan, su ma suna da clear() mai irin wannan aiki.

Goge mabuɗai ɗaya-ɗaya da del ana cikin zagaya ƙamus ba ya yiwuwa kai tsaye, Python yana tsayar da aiki da saƙon kuskure na RuntimeError saboda girman ƙamus ya canza; sai an zagaya list(ciniki) tukuna. A ganina wahalar banza ce, sai in akwai mabuɗin da ake son bari.

Daga baya dillalin ya ce ya fi son ya tarar da sunayen kayansa da safe, ko da ba a sayar da komai ba. A nan sharewa ba ta dace ba, sai na zagaya mabuɗan ina mayar da kowace ƙima 0, abin da Python ya yarda da shi domin yawan mabuɗai bai canza ba.