Tarihin Rayuwata, Kashi na 4: Kuɗin Rami

A makon jiya na tsaya ne a inda Luba ta ce in turo magabatana bayan Ƙaramar Sallah, alhali duk abin da na mallaka a duniya bai wuce mashin ɗina Boxer da nake kabu-kabu da shi a Anka ba, shi ma ban gama biyan kuɗinsa ba.

Ranar da abin ya faru ba ta ɓace mini, domin ta zo daidai da ranar da aka ɗaga zaɓen shugaban ƙasa, Asabar 16 ga Fabrairu, 2019. An kwana da shirin jefa ƙuri'a, aka wayi gari rediyo na cewa sai 23 ga wata. Gari ya mutu murus, ba fasinja ba ciniki. Ina zaune a bencin mai shayi na bakin tasha sai ga kiran Mamman. Na san sai ya hau tudu kafin waya ta samu sabis a dajin da suke, don haka ba ya kira a banza.

"Lawali, taho yanzu. Kak ka gaya ma kowa. Ka zo da buhu huɗu."

Kanawa ku yi haƙuri, haka muke magana a Zamfara, kuma ba zan gyara bakin abokina don a ji daɗin karatu ba.

Mamman, wanda nake kira Dogo tun muna makarantar allo, shi da wasu samari uku sun shafe wata biyar suna haƙar gwal a wani rami a dajin bayan ƙauyen Bagega. Ni ne mai kai musu garin kwaki da ƙuli da hoce da jarkar ruwa da batirin tocila, in dawo da buhun dutse zuwa wurin inji. Ko sisi ba su taɓa ba ni ba, don babu. Wata rana da na yi ƙorafin kuɗin mai, Dogo ya ce a gaban sauran, duk ranar da Allah ya buɗa, kashi ɗaya cikin biyar na rabonsa nawa ne. Dariya na yi. Alkawarin ɗan rami ai kowa ya san shi, kullum gobe ne.

Da na isa, ba wanda ke magana. Su huɗun suna zaune a bakin ramin, jikinsu fari fat da ƙura kamar an tono su daga kabari. Ramin ya kai gaba goma sha biyu, da 'yan matakai da aka sassaƙa a jikin bango da igiya guda. Dogo ya cire tocilar da ya ɗaure a goshi da roba, ya kwance bakin zanen da ya yi ɗamara da shi, ya miƙo mini wani farin dutse irin na ƙanƙara, bai fi dunƙulen hannu ba. Na juya shi. A jikinsa akwai wani zare rawaya, siriri, ya ratsa shi kamar jijiyar ganye. Ya ce sun ci karo da jijiyar tun da asuba, kuma ba ta ƙare ba.

Kwana uku muka yi ba barci. A farfasa dutse da guduma, a kai inji a niƙe shi ya koma gari, a zuba ruwa a kwarara shi bisa kafet ɗin da aka shimfiɗa a kan katako mai gangara, mai nauyin ya maƙale, ƙasar ta wuce. Abin da ya rage a tasa sai a ɗiga masa zaiba a murza da hannu, ta tsince gwal ɗin, a matse a ƙyalle, a samu ɗan curi mai launin toka. Shi ake ɗorawa a kan shebur bisa garwashi. Ina kallo zaibar ta tashi hayaƙi, curin ya juye rawaya, da 'yan ramuka a jikinsa kamar ƙuli-ƙulin da ya ji wuta. Wannan hayaƙin guba ne, duk mun sani, amma ba wanda ya ja da baya ko taku ɗaya.

Bayan dillali ya auna a ɗan ma'auninsa mai batir, wanda ya ɗauki nauyin ramin ya cire nasa, mai inji ya cire nasa, rabon Dogo ya tsaya naira miliyan 9. Da dare ya ƙwanƙwasa ɗakina da jakar Bagco. Ya zauna a bakin katifa ya riƙa jera bandir na 'yan dubu-dubu a kan tabarma, ɗaya bayan ɗaya, har 18. Miliyan 1 da dubu 800. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya wuce dubu 70 ba.

Na ce, "Dogo, wallahi da wasa na ɗauki maganar nan. Ko dubu ɗari ka ba ni na gode."

Ya ce, "Kai ka ɗauke ta wasa. Ni da nij ji yunwa cikin rami, hocenka nic ci."

Ku riƙe wannan maganar, domin duk abin da zan faɗa nan gaba, kada wani ya ce Mamman ya ci amanata. Bai ci ba. Da ya ci, da labarina ya fi sauƙin bayarwa.

Daren nan ban runtsa ba. Na sa kuɗin ƙarƙashin katifa, na cire, na tura cikin tukunyar ruwan da ta fashe, na sake cirewa. Lokacin mutanen daji sun addabi yankinmu, kuma kowa ya san suna da kunnuwa a cikin gari. Kare ya yi haushi, gabana ya faɗi. Bayan kwana biyu na zuba kuɗin a ƙasan buhu, na cika samansa da dawa, na ɗaure a bayan mashin, na bi ta Mayanchi zuwa Gusau kamar mai kai wa dangi tsaraba. A banki da na kwance buhun, ƙwayar dawa ta watse a kan tayil, yarinyar da ke karɓar kuɗi ta toshe baki tana dariya. Ranar na fara buɗe asusu a rayuwata.

Dogo kuwa ko mako biyu bai ƙara a Anka ba. Ya kama gida a Tudun Wadan Gusau, ya sayi mota, ya daina shiga rami ya koma ɗaukar nauyin masu shiga da sayen gwal daga hannunsu. Kuɗi na kiran kuɗi. Kafin wata ya ƙare sunansa ya koma Alhaji Mamman, mutumin da ko filin jirgin Sakkwato bai taɓa gani ba.

Abu na farko da ya nema a wurina shi ne in jingine mashin. Ya ce abin kunya ne a ga amininsa yana goya fasinja a kan naira hamsin. Na jingine. Aikina ya koma zama gefensa a mota da riƙe jaka. Ya yi mini ɗinkin gezna kala uku, ya saya mini waya Samsung, in muka ci abinci kafin in sa hannu a aljihu ya biya. Da can ni ke biya masa shayi da burodi, in ya samu ya rama, ba mai lissafi. Yanzu ba abin da zan ba shi wanda ba shi da wanda ya fi shi, kuma kullum ni ne mai cewa na gode. Har kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya tare ni bayan Juma'a ya ce in taimaka in yi masa magana da maigidana a kan kuɗin taki. Maigidana. Ban gyara masa ba, don ban san da wace kalma zan gyara ba.

Wata rana na shiga falonsa ya cika da mutane, na ɗaga murya yadda na saba, "Dogo, ka ci abinci kuwa?" Sai wani sabon yaronsa, wanda ko wata bai yi da saninsa ba, ya matso ya ce mini a hankali, "Malam, a riƙa sakaya sunan Alhaji." Mamman ya ji. Ya yi masa tas, ya ce wanga tare munka sha bulalar malam guda, ya kira ni abin da ya ga dama. Aka yi dariya, magana ta wuce. Amma daga ranar ban sake cewa Dogo a gaban mutane ba. Alhajin ma na kasa faɗa. Sai na koma yi masa magana ba suna, kamar yadda mace ke yi wa miji.

Zancen farko da na je wurin Luba bayan wannan, cikin gezna na je, direban Mamman ya sauke ni a ƙofar gidansu. Ta fito da tabarma da kwanon ruwa kamar kullum, ta gaishe ni, ta dubi rigar, ta dubi hanyar da motar ta bi.

"Ina mashin ɗin?"

Na ce yana hutawa.

Ta ce, "Ni kau ƙaratai nika ganewa tun daga kwanar masallaci. Yau sai da yaro yas shigo yac ce ana sallama."

Na zaro sabuwar waya a kwali na ajiye a gefen tabarma. Ba ta taɓa ba. Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta, sannan ta ce in mayar, ba za ta iya shiga da ita gida ba, kuma na san dalili.

Na sani. Gaskiya na sani, kawai na ɗauka kuɗi in suka yi yawa suna rufe tsohon zance. Su Luba ba 'yan Anka ba ne asali, daga ɗaya daga cikin ƙauyukan da gubar dalma ta shiga a 2010 suka taso. A lokacin mazan ƙauyen kan kawo dutse gida, a farfasa a niƙa a tsakar gida, ƙurar ta sauka a ƙasan da yara ke rarrafe, ta sauka a kwanon tuwo. Dutsen yankin yana haɗe da dalma mai yawa, ba wanda ya sani. Yara suka fara amai da shiɗewa, jiki na karkarwa, wasu su makance kafin su cika. Aka ce zazzaɓi ne, aka ce iska ce, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka ga yadda ƙananan kaburbura ke ƙaruwa aka gwada jini aka gane. Yara sama da 400 suka rasu. Daga baya har ƙasar tsakar gidaje aka riƙa kankarewa ana zuba sabuwa. Luba tana da shekara 11, ita ke goyon ƙannenta maza biyu, kuma tsakanin rasuwar na farko da na biyu kwana 19 ne. Ta taɓa gaya mini cewa har yau in ta ji ƙarar injin niƙa da rana tsaka, bayanta take jin ya yi sanyi, daidai inda take ɗora goyo. Innarta ta rantse ko ƙwandala ta kuɗin rami ba za ta sake shiga cikinta ko na 'ya'yanta ba. Da hocen da take toyawa ta riƙe gidan, shi ne ma hocen da nake saye in kai wa su Dogo.

Ban gaya wa Mamman abin da ya faru ba. Kuskurena ke nan. Ya ga na yi sanyi kwana biyu, ya ɗauka kuɗin aure ne ke damuna, sai ya yi abin da a ganinsa aboki ke yi. Ba tare da ya shawarce ni ba ya tafi Anka da buhun shinkafa biyu da jarkar mai, ya sami mahaifin Luba, ya ce lefe da sadaki da gidan zama duk a wuyansa, Lawali ɗan'uwansa ne. Tsohon ya yi ta sa albarka. Inna kuwa ta sa yara suka jawo buhunan suka jingine a zaure, inda suka kwana huɗu kaji na tsattsagar bakinsu. Wata ƙawar Luba kuma ta tsegunta mini abin da ya fi wannan ɗaci: wai bayan motar ta tashi, tsohon ya tambayi wanda ya rako baƙon, "Shi Alhajin, yana da iyali kuwa?"

Ranar Lahadi 7 ga Afrilu Inna ta aiko a kira ni. Wanda ya san al'adarmu ya san uwar yarinya ba ta zama da saurayin 'yarta, balle 'yar fari, wadda ko sunanta ba ta faɗa. Na ciro mashin daga inda na jingine shi, na kakkaɓe ƙura, na sa tsohuwar rigata. A hanya na tsaya shan mai, na tarar an yi cincirindo a kan rediyon wani mai faci. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara gaba ɗaya, saboda matsalar 'yan bindiga, an kuma ba baƙi 'yan ƙasashen waje sa'o'i 48 su bar wuraren haƙa. Na san abin da mutanen wurin ba su sani ba. Kwana goma kafin nan, ni na riƙe jakar da Mamman ya zuba kusan duk abin da yake da shi a sababbin ramuka uku.

Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙofar ɗakin Inna. Tana ciki, labule a sake, ƙafafunta kawai nake gani. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, aka turo mini hoce a faranti da kwanon ruwa. Can gefen madafa ina hango bakin zanen Luba, ba ta motsi.

"Ɗana," in ji Inna, "ban san ka da ƙarya ba. Shekara biyu kana sayen hoce wurina, ko biyat ba ka taɓa riƙe mani ba. Tambaya guda za ni yi maka. Kuddin da za ka ɗauki wagga yarinya da su, na mashin ne ko na rami?"

Tun daga gidan mai na shirya amsa. Zan ce na mashin ne, adashi na ɗauka, kuma ba mai iya ƙaryata ni sai mutum ɗaya. Na buɗe baki ke nan waya ta fara ruri a aljihuna. Na zaro don in kashe. A fuskarta sunan da na ajiye tun a tsohon layina ne, wanda ban taɓa canzawa ba: Dogo. Ta katse, ta sake ɗauka. Karo na uku Inna ta ce daga bayan labule, "Amsa mai. Ni ina nan, ba inda za ni."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, a kashi na 5.