Filogin akori-kura ba baƙin mai ba ne, a daina sauya shi duk sabis

Akwai wata al'ada a garejinmu da ta daɗe tana damuna. Da ka kai mota juye baƙin mai, kafin ka zauna a kan benci yaron gareji ya riga ya kwance filogi huɗu ya zube su a ƙasa, ogansa kuma ya ce maka, "Alhaji, a kawo kuɗin sababbi." Ba wanda ya ɗaga tsohon ya dube shi, ba wanda ya tambayi kilomita nawa ya yi.

Ni Hilux gare ni mai fetur, injin 2.7, ina ɗauko hatsi da ita daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Duk wanda ya tambaye ni yaushe ake sauya filogi, nakan fara tambayarsa wane iri ne a jikin motarsa, domin ba duka suke ɗaya ba. Filogi na gama-gari, mai kauri a baki, yakan kai wajen kilomita 30,000 zuwa 40,000. Na platinum yana iya kai 100,000. Na iridium, wanda bakinsa siriri ne kamar tsinin allura, kamfanoni irin su Denso da NGK suna yin wanda ake sa ran zai kai har 160,000. To wanda ya cire maka iridium mai lafiya ya sa maka na araha, ya rage maka ne da kuɗinka. Mai Hilux ta gas, wato dizal, kuwa wannan magana ba tasa ba ce, injin dizal ba ya amfani da filogin tartsatsi, hita yake da ita mai ɗumama silinda kafin tashi.

Amma waɗannan lambobi ba na bin su ido rufe. Mitar mota tafiya take ƙirgawa, ba ta ƙirga awannin da inji ya yi a silo ana loda buhuna, ko yinin da aka yi a cunkoso. Motocin Kwatano da yawa ma an taɓa mitarsu kafin su iso hannunmu. Ga ƙurar hunturu, ga man galan da ake saye a bakin hanya in an matsu. Shi ya sa ni nake rage wa'adin, in rubuta kilomitar ranar da na sauya a ɗan littafin da ke cikin motar.

Abin da na fi so mutane su koya shi ne kallon filogin da aka cire, don yana faɗa maka halin da cikin injinka yake. In bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, a bushe, wuta na ci daidai. In ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya mai kama yatsa, mai ya fi iska yawa, kuma sau da yawa matatar iska ce ta toshe da ƙura. In ka ga ya jiƙe da baƙin mai yana maiƙo, matsalar ta wuce filogi, ringi ne ko robar bawul, ko sabo ka sa kwana kaɗan zai koma haka. In ya yi fari fat, injin na ɗaukar zafi fiye da kima. A jera su huɗun yadda aka ciro su, sai ka ga ko silinda ɗaya ce ta bambanta da 'yan'uwanta.

Jinkiri ma yana da tasa illar. Bakin filogi cinyewa yake a hankali, tazarar da tartsatsi ke tsallakawa ta ƙara faɗi. Lambar 11 da kake gani a ƙarshen sunan wasu filogin, milimita 1.1 take nufi. Da tazarar ta wuce haka, kwayil, wato abin da ke tura wa filogi wuta, shi ke shan wahala, kuma kwayil ɗaya ya fi filogi tsada nesa ba kusa ba. Mota ta fara wuyar tashi da safe, tana karkarwa a silo, tana shaƙewa a hawa da lodi, tana shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, wannan shan man kaɗai ya isa dalili.

Ranar sauyi ina tsayawa a kai. A bar inji ya huce, domin kansa na alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi. A hure ƙurar da ke ramin kafin a cire tsohon, kar ta faɗa silinda. A fara ɗaura sabon da hannu, sannan a kawo sifana. Iridium kuma ba a goge shi da burushin waya ko samfefa. Jabu sun yi yawa a kasuwa, kwalinsu har ya fi na gaske sheƙi, don haka nakan sayo nawa da kaina wurin mai kayan da na sani, in duba lambar ta yi daidai da wadda ke littafin motar, sannan in miƙa wa oga ya ɗaura a gabana.