Abin da na koya game da littafin kuɗin yaro

Yaro ɗan shekara 9 zuwa 12 ya riga ya iya tarawa da ɗebewa, don haka ba lissafi ke hana shi sanin inda kuɗinsa suka tafi ba. Mantuwa ce, sai kuma tsoron faɗa.

Ƙaramin littafi mai shiga aljihu ya isa. A ja layi a raba shafi gida biyar: kwanan wata, abin da aka saya, abin da ya shigo, abin da ya fita, sai saura. In gidajen suka wuce haka, rubutun zai zame masa aikin makaranta, ya watsar. Kuɗin kashewar kuma na mako guda za a ba shi, a rana ɗaya tsayayya. Wanda ake ba kullum da safe ba shi da abin tsarawa, tunda gobe ma akwai. Na wata kuwa ya yi masa yawa a hannu.

A ranar da ya kashe zai rubuta, kafin ya kwanta. In aka bari sai ƙarshen mako, manyan saye-saye zai tuna, ƙananan su sulale, alhali su ne ke cinye kuɗin.

Inda karatun yake shi ne ranar ƙirga. Ya zube abin da ke aljihunsa, ya gwada da littafi. A ce littafi ya nuna saura 30, hannu kuma 22. Kada a goge, kada a cike masa giɓin. A bi kwanakin da shi ɗaya bayan ɗaya: ko canji ne bai ƙirga ba, ko aboki ya ranta wa. In abin ya ƙi fitowa, ya rubuta "8, ban tuna ba". Wannan layin ya fi lissafin ƙarya da ya daidaita.

Sau da yawa manya ne ke ɓata aikin. Ka buɗe littafi ka ga ya sayi shirme, ka rufe shi da faɗa, to mako mai zuwa shirmen ba zai shiga littafi ba, amma za a saye shi. Tambaya ta fi: "Da za a maimaita, za ka sake saya?" Haka nan in kuɗin sun ƙare ran Laraba, a bar shi ya jira ranar biya.

Saye a cikin wasannin waya ma sai an rubuta shi, domin yaro bai ga kuɗi sun bar hannunsa ba. A cire daga na makon, a gabansa.