Tallata littafin labarin mawaƙi da ƙaramin jari

Littafin da aka gina a kan waƙa da kiɗa yana da matsalar da sauran littattafan hikaya ba su da ita: takarda ba ta da murya. Marubuci zai cika shafi uku yana siffanta yadda kalangu ya ɗau zafi a gidan biki, 'yan amshi suka karɓa, mata suka shiga liƙi, amma mai duba bangon littafin a shago ko a waya ba ya jin ko ɗaya. Shi ya sa tallar irin wannan littafi da kunne ake fara ta, kuma a nan mai ƙaramin jari ya fi tafka kuskure.

Kuskuren shi ne a ɗauko waƙar wani fitaccen mawaƙi a ɗora ta a bayan hoton bango. Facebook da Instagram da YouTube suna da manhajar da ke gane waƙar da aka yi wa rajista, sai su kashe sautin ko su sauke bidiyon. Ga kuma doka: dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ka ga waƙoƙinsa suna da masu su har 2069. Cewa tsohuwar waƙa ce ba hujja ba ce, ko a talla ko a cikin littafin kansa.

Mafita tana cikin littafinka. Baitocin da ka sa a bakin tauraron labarin, naka ne. Zaɓi baiti biyu da amshi, ka nemi mai gurmi ko mai kukuma, ko matashin mawaƙi da ke neman a san shi. Murya ɗaya da abin kiɗa ɗaya sun isa. Kuɗin situdiyo da kiɗan fiyano ba dole ba ne. A ɗauka da waya a ɗaki mai katifa da labule don kada sauti ya riƙa amsa-kuwwa, a kashe fanka, a kauce wa lokacin da janaretan maƙwabta ke aiki. Wayar ta kasance kamar taƙi ɗaya daga bakin mawaƙin, makaɗin kuma ya ɗan ja baya, in ba haka ba kiɗa zai danne kalmomi. Kada waƙar ta wuce sakan 30 zuwa 45. A ƙarshe a faɗi sunan littafi da lambar waya da baki, domin da yawa saurare suke yi ba kallo ba. Sannan, komai zumuncin da ke tsakaninku, ku rubuta yarjejeniya ku sa hannu a gaban shaida: baitoci na wane ne, nawa aka biya, wa ke da ikon sakin waƙar. Rigima ba ta tashi sai waƙa ta karɓu.

Kafin a kai ga nan ma, ka ba wa makaɗi na gaske ya ji babin da ke da kiɗa. Idan ka sa an busa kakaki a bikin talaka, ko ka ba kukuma tsirkiya biyu, masu sani za su gane, kuma su ne mutanen da kake fatan su yabi littafin.

Sai batun wa zai saya. Marubuta da yawa suna zaton masoya waƙa ne kasuwarsu. A ganinmu ba haka ba ne. Mai son waƙa zai saurari baitinka ya yaba ya wuce. Masu cire kuɗi su ne makarantan hikaya da aka sani, akasarinsu mata, a zaurukan WhatsApp da dandalin karanta labarai na Wattpad, kuma labari suke saye. Don haka waƙar ƙugiya ce kawai. Abin da za a rubuta a ƙarƙashinta shi ne rikicin. Ɗan malami ya ajiye allo ya bi makaɗa. Iyaye sun hana 'yarsu saurayi don an ce gidansu gidan roƙo ne. Wannan tsohon kallon da ake yi wa maroƙi da makaɗi shi ne ƙarfin labarin, shi ne kuma abin da zai iya hana littafin shiga wasu gidaje. Bango mai hoton mace riƙe da makirufo a dandali zai sa wasu iyaye da mazaje su hana a shigo da shi. Hoton kalangu a rataye ko gurmi a jingine ya isar da saƙo ba tare da wannan ba. Mai sayarwa a Kano ya tuna cewa aikin hukumar tace fina-finai da ɗab'i ta jihar ya haɗa da littattafai. Kuma kada ka saki talla mai kiɗa a watan azumi. Ko ka jira bayan salla, ko ka koma karanta babi da murya zalla.

Sakin shafukan farko na littafin kyauta yana aiki, amma a san inda za a tsaya: daidai lokacin da tauraron zai tsaya gaban jama'a karo na farko, kafin ya buɗe baki. Daga nan sai zauren WhatsApp da ake biya kafin a shiga. Kada ka tura littafin a dunƙule, domin mutum ɗaya zai saya ya watsa wa ɗari. A riƙa sakinsa kashi-kashi. Ka tara lambobin masu saye a wurinka. OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai ta intanet, ya rufe a 2023, kuma duk marubucin da bai riƙe hanyar tuntuɓar makarantansa ba, sai ya sake nemansu daga farko. Jerin aika saƙon bai-ɗaya na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa ga wanda bai adana lambarka ba, don haka ka roƙi kowa ya adana.

Bugawa a takarda ita ke cinye jari. Babban inji sai da farantin da ake ɗora hoton shafuka a kai, kuma ba ya sauƙi sai an buga da yawa, ɗari biyar zuwa dubu. In ba ka da tabbacin kasuwa, fara karɓar kuɗin masu so, ka buga kaɗan a ƙaramin inji ko da kowane kwafi ya fi tsada. Gara ribar ta ragu da kwalaye su cika ƙarƙashin gado. Ana buga shafuka a rukunin 16, kuma baitoci suna cin takarda saboda gajerun layuka, don haka shafi 130 zai ja maka kuɗin 144. Rage biyu ka tsaya a 128. Ka duba samfurin farko da idonka, domin ƙ da ɗ da ɓ sukan ɓace ko su koma akwati a kwamfutar maɗaba'a, kuma baitin da ƙugiyarsa ta faɗi ma'anarsa ta sauya. Dillalai kuwa bashi suke karɓa, sai an sayar a biya. Ba su goma-goma, ka rubuta, kada ka ƙara sai kuɗin farko ya fito.

Bikin ƙaddamarwa a babban zaure ba na mai ƙaramin jari ba ne. Hayar wuri da abinci a take ake biya, alkawuran manyan baƙi kuwa sau da yawa sai an yi ta bi. Zaman karatu na rassan ƙungiyar marubuta ta ANA, da tarukan Ranar Hausa ta 26 ga Agusta, sun riga sun tara maka mutanen da kake nema. Nemi minti goma, ka zo da makaɗinka da kwafi ashirin, ka karanta shafi biyu, shi kuma ya rera baitin da ke ƙarshensu.