Ranar da gani ya kori ji a taron masu sauraro

Na je taron masu sha'awar na'urorin sauti da wata manufa da ban faɗa wa kowa ba, wato in tabbatar wa kaina cewa amfilifayar da nake amfani da ita a gida, na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi, ita ce take tauye wa hedifon ɗina haƙƙinsa, domin in samu hujjar sayen wata wadda ta fi ta girma. A irin wannan taro kowa yakan ɗauko kayansa ne daga gida, ya jera su a kan tebur, ya koma gefe ya zauna yana kallon baƙi suna ɗora abin da ya fi ƙauna a kawunansu, gabansa na faɗuwa duk lokacin da wani ya yunƙura zai miƙe bai lura da wayar da ke rataye a wuyansa ba. Ƙa'idojin wurin kaɗan ne kuma ba a rubuce suke ba: a nemi izini kafin a taɓa kayan mutum, a rage murya gaba ɗaya kafin a cire waya ko a jona ta, kuma kada a tsaya a bayan mai sauraro ana hira.

Abin da na tafi da shi a jaka shi ne hedifon ɗina, Sennheiser HD 600, wanda kamfanin na Jamus ya fitar a 1997 kuma har yau ana ƙera shi, tare da waƙoƙi huɗu da na sani kamar yunwar cikina: ɗaya muryar mace ce da fiyano kaɗai, ɗaya cike take da ganguna, sauran biyun kuma na taron makaɗa ne masu yawa. Duk wanda ya je wurin ba tare da ma'aunin da ya saba da shi ba, abin da zai dawo da shi bai wuce ruɗani ba, domin zai saurari na'urar da bai sani ba da kiɗan da bai sani ba, sannan ya rasa wanne daga cikinsu ya burge shi.

Na fara da hedifon, kuma a nan babu wata gardama, domin bambancin da ke tsakaninsu a fili yake tun daga daƙiƙun farko. Sennheiser HD 800, wanda ya fito a 2009 da tantani (fatar da ke girgiza ta fitar da sauti) mai siffar zobe mai faɗin milimita 56, yana nesanta makaɗa daga kunne har mutum ya ji kamar ɗakin ya buɗe. A waƙar taron makaɗa na iya nuna inda kowane rukuni yake zaune, abin da nawa ba ya yi sai a dunƙule. Daga nan na koma ga Audeze LCD-2 na Amurka, wanda tsarinsa daban ne: maimakon naɗin waya da ke tura tantani daga tsakiya, an shimfiɗa siraran layukan lantarki a kan tantanin gaba ɗayansa, an sa shi kusa da jerin maganaɗisu, don haka duk fuskarsa take motsi lokaci guda. Amon babbar ganga ya sauka ƙasa sosai ba tare da kumburi ba, sai dai maganaɗisun suna da nauyinsu, domin na'urar ta kai kusan rabin kilo ko fiye, kuma wannan lissafi ne da mai sauraron awa uku a zaune ya kamata ya yi da wuyansa. Teburin da ya fi tara jama'a kuwa shi ne na Stax SR-009. Kamfanin na Japan yana sayar da irin wannan tun 1960, kuma a cikinsa babu maganaɗisu ko kaɗan: tantani ne da ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, ana ɗora masa cajin bolt 580, faranti biyu masu huji suna jan sa suna tura shi. Saboda haka ba a jona shi da amfilifaya ta yau da kullum, sai tasa ta musamman. Muryar matar nan ta fito ta cikinsa babu nauyi, har jan numfashinta kafin baiti na ji, na zauna fiye da lokacin da ya dace alhali mutane uku suna jira.

Akwai wani cikas da ya kamata a ambata, wanda masu ba da labarin irin waɗannan taruka suke yawan tsallakewa. Kusan duk manyan hedifon da ke wurin masu buɗaɗɗen baya ne, tsarin da Sennheiser ya fara da HD 414 a 1968, kuma ma'anarsa ita ce sauti yana fita, hayaniyar ɗaki kuma tana shiga. A zauren da mutane da dama suke magana, ƙananan abubuwan da aka sayi na'urar dominsu, kamar yadda amon fiyano yake dusashewa a hankali bayan an ɗaga yatsa, su ne suke fara nutsewa. Sai mutum ya riƙa ƙara murya bai sani ba. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suke bayarwa shi ne kada ƙarfin sauti ya wuce desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu, wanda ke nufin desibel 94 na awa ɗaya ne kacal. Bayan awa biyu na lura cewa komai ya fara yi mini kaifi, na fita waje na zauna shiru na ɗan lokaci kafin in dawo.

Da na dawo ne na nufi abin da ya kawo ni. A wani tebur an ajiye amfilifaya biyu masu tiransisto, dukansu suna karɓar sauti daga tushe ɗaya. Ta farko ƙarama ce, ba ta fi littafin aljihu ba. Ta biyun kuwa ƙatuwa ce mai jikin alminiyum mai kauri, wadda sai da hannu biyu ake ɗaga ta, abin murɗa muryarta yana juyawa da wani santsi mai daɗin taɓawa. Na jona hedifon ɗina a ƙaramar, na saurari minti ɗaya na waƙar ganguna, na cire na koma babbar. Nan take na ji abin da na zo nema: gangar ta ƙara cika, muryar ta matso kusa, komai ya ƙara rai. Na ɗauko takarda na rubuta haka da manyan baƙaƙe.

Mai teburin dattijo ne mai furfura wanda, kamar yadda ya gaya mini daga baya, ya shekara da shekaru yana gyaran kayan lantarki. Ya dubi takardar, ya yi murmushi, ya ce, "Malam, ka yarda in gwada wani abu kafin ka tashi?" Na ce, "Baba, ai kayanka ne." Ya zaro mitar awon lantarki daga aljihun jakarsa, ya sa wani sauti mai girgiza 1,000 a daƙiƙa, ya auna abin da ke fita daga kowace amfilifaya a daidai inda na bar muryarta. Babbar ta ɗara ƙaramar da kusan desibel ɗaya da rabi. Ya daidaita su har lambobin suka zo ɗaya, ya haɗa su da wani ɗan akwati mai makunni wanda yake sauya hanya cikin ƙiftawar ido, ya rufe su da mayafin tebur, sannan ya ce in juya baya. Sau goma ya sauya yana tambayata wadda nake ji, na dace sau shida, na kuskure sau huɗu, kuma ko a waɗanda na dace ɗin ma zuciyata ta san canka nake yi. Wanda ya jefa kwabo sama zai iya samun irin wannan sakamako.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun a 1933 masu bincike Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin dukkan sautuka daidai wa daida, kuma idan murya ta yi ƙasa, sautin ƙasa mai kauri ne yake fara ɓacewa. Idan aka ƙara murya ɗan kaɗan, kaɗan ɗin da bai isa a gane an ƙara ba, abin da mutum zai ji shi ne kiɗan ya ƙara cika da armashi, sai ya jingina wa na'urar. Shi ya sa masu gwaji na tsanaki suke daidaita murya har zuwa kashi ɗaya cikin goma na desibel. Ga kuma matsalar tunawa: ainihin kamannin sauti ba ya zama a ƙwaƙwalwa fiye da 'yan daƙiƙu, ni kuwa na ɗauki kusan rabin minti ina cire waya ina jonawa, don haka abin da na kwatanta shi ne sautin babbar da labarin da na ba kaina game da ƙaramar. Ana cewa gani ya kori ji, kuma a teburin nan maganar ta tabbata ta wata fuska da ban taɓa tsammani ba, domin idona ya ga alminiyum mai kauri, hannuna ya murɗa ya ɗan zarce, kunnena kuma ya sa hannu a kan hukuncin da aka riga aka yanke.

Da labarin ya tsaya a nan, da na ce duk amfilifaya ɗaya ce, amma na ci karo da wurare biyu da bambancin ya ƙi ɓacewa, kuma kowannensu yana da bayani a lissafi. Na farko batun ƙarfi ne. Hedifon HiFiMan Susvara, wanda ya fito a 2017, yana ba da desibel 83 ne da irin wutar da hedifon Focal Utopia na Faransa yake ba da 104. Tazarar desibel 21 tana nufin na farkon yana buƙatar wutar da ta ninka ta na biyun fiye da sau 100 kafin su kai murya ɗaya. Da mai shi ya bari aka jona shi a wata 'yar ƙaramar na'urar aljihu don a gani, waƙar fiyano ta tafi lafiya lau, amma da gangunan suka shigo sai dukan ya riƙa fitowa a daƙushe, kamar an datse masa kai, domin na'urar ta kai iyakar abin da za ta iya bayarwa. Babu buƙatar mayafin tebur kafin a ji wannan.

Na biyu ya fi ba ni sha'awa. Wani saurayi ya zo da amfilifayar da ya haɗa da hannunsa, mai kwalaben gilashi irin na tsofaffin rediyoyi, suna haske ja-ja, kuma babu taransifoma a mafitarta. Ya ce turjiyar mafitar tata, wato yadda take tare wucewar lantarki, ta kai om 120, alhali ta masu tiransisto na zamani sau da yawa ba ta kai om ɗaya ba. Turjiyar HD 600 kuwa om 300 ce a rubuce, amma a kusa da girgiza 100 a daƙiƙa tana haurawa sama da 500. Idan aka haɗa su, wutar tana rabuwa tsakanin amfilifaya da hedifon gwargwadon turjiyar kowanne, don haka a daidai wurin da turjiyar hedifon ta hau, kasonsa yana ƙaruwa, kuma lissafin yana ba da ƙarin kusan desibel ɗaya a sautin ƙasa. Muka roƙi dattijon ya kawo mitarsa, ya daidaita, na juya baya, kuma wannan karon na gane ta kusan kowane lokaci. Gangar ta ƙara jiki, muryar ta yi ɗumi, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa ƙwarai, ko da yake na san canji ne aka yi wa sautin. Da muka jona wani hedifon mai ƙaramar turjiya a jikinta, sai sautin ƙasa ya kumbura ya rufe komai, wanda shi ne dalilin tsohuwar shawarar cewa turjiyar mafita kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na turjiyar hedifon ga mai son jin abin yadda aka ƙera shi.

Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a kamfanin Harman, inda aka riƙa sa mutane suna zaɓar sauti ba tare da sanin sunan na'urar ba, ya nuna cewa abin da ya fi rinjayar zaɓin mai sauraro shi ne yadda hedifon yake rarraba ƙarfi tsakanin sautin ƙasa da na tsakiya da na sama. Na sha karanta wannan, amma sai gab da tashi na gan shi a jikin kayana. Wata mata da ke tebur na ƙarshe tana da HD 600 irin nawa sak, muka jona su a amfilifaya ɗaya don raha kawai, sai ga nata ya fi nawa haske da sarari, bambancin kuma ya fi duk wanda na ji tsakanin amfilifayoyin nan biyu na farko. Ta karɓi nawa ta matsa soson kunnen da babban yatsa, ya lotsa bai dawo ba. Shekara shida ina sa shi kullum ban taɓa canza soson ba, ya kwanta har tantanin ya matso kusa da kunnena, yanayin sautin ya sauya a hankali ta yadda ban lura ba. Ta kuma nuna mini cewa ƙafar tabarauna mai kauri tana ɗaga soson a gefe, abin da yake zubar da sautin ƙasa a hedifon masu rufaffen baya.

Kafin in fita na koma wurin dattijon na tambaye shi irin mitar da ta isa wannan aiki, ya ce kowace mai auna wuta mai sauyawa za ta yi, muddin an yi awon da sautin da take iya karantawa daidai kuma an auna na'urorin biyu da hedifon a jone. Na soke layin da na rubuta da manyan baƙaƙe, na rubuta soson kunne da mita a ƙarƙashinsa, sannan na karɓi zanen amfilifayar mai kwalabe daga hannun saurayin nan, wanda ya gargaɗe ni sau biyu cewa akwai ɗaruruwan bolt a cikinta, kuma cajin yana iya zama a ciki ko bayan an zare ta daga wuta.