Akwatin gawa mai siffar kifi

Duk wanda ya san hanyar bakin teku daga Accra zuwa Tema a Ghana ya san shagunan kafintocin nan na Teshie da Nungua, inda za ka hango ƙaton kifi ya sha fenti, ga jirgin sama, ga Marsandi, ga kaza da 'yan tsakinta, baƙo sai ya ɗauka kayan wasan yara ake sayarwa. Akwatunan gawa ne fa. 'Yan ƙabilar Ga ke binne mamatansu a ciki, masunci a kifi, manomi a ƙwallon koko, direba a mota, uwa mai 'ya'ya da yawa a kaza, zaki da gaggafa kuma na sarakuna ne.

Abin bai wani tsufa ba. Sunan da aka fi ambata shi ne Seth Kane Kwei, kafinta ɗan Teshie da ya rasu a 1992. Yadda ake ba da labarin, wani basarake ne aka sassaƙa wa abin zama da ake ɗaukarsa a ciki a kafaɗa, mai siffar ƙwallon koko, don bikin gargajiya, sai rai ya yi halinsa kafin ranar, aka ce to a binne shi a ciki kawai. Daga baya kakar Kane Kwei ta rasu, tsohuwar da kullum take ɗaga kai tana kallon jirage amma ba ta taɓa hawa ba, shi ne ya yi mata akwati jirgin sama. Wajen shekarun 1950 kenan. Mutane suka gani suka fara zuwa da nasu buƙatun, yaran shagonsa irin su Paa Joe suka koya suka buɗe nasu shagunan, a 1989 har birnin Paris aka kai akwatunan wajen baje kolin zane-zane.

Ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda akwatin ke juya hira. Baƙin akwati mai kusurwa huɗu in ka gan shi gabanka faɗuwa yake, don ba abin da yake faɗa maka sai an mutu. Amma in aka fito da kifi tsayin mutum a kafaɗar samari, tambayar farko da ke zuwa bakin kowa ita ce wane masunci ne ya tafi, a wane kwalekwale yake, wa ya koya wa jefa taru, kafin ka ankara ana ta labarin rayuwarsa har da dariya cikin kuka. Kuma shagon a bakin titi yake a buɗe, 'yan makaranta na wucewa safe da yamma suna leƙe suna taɓawa. Mu kuwa muna yara ko makara muka hango jingine a bangon masallaci sai mu canza hanya.

Kar wani ya ce ina kira a kwaikwaya, a'a. 'Yan uwanmu na Nima da sauran zangunan Accra maƙwabtan Ga ne shekara da shekaru, kuma har gobe wanka ne da farin likkafani da salla, a kai mutum makwancinsa ba ɓata lokaci, ni ma haka nake fata a yi min. Kuma a wajen 'yan Ga ɗin akwai inda abin bai burge ni ba sam, gawa sai ta yi watanni a firjin asibiti ana jiran dangi su haɗa kuɗin biki, wasu har bashi suke ci. Coci-coci da yawa ma ba sa bari a shigo musu da kifi ko mota, sai dai mai siffar Baibul.

Sai dai mu ma muna da tsofaffin da ke yanko likkafaninsu tun suna da ƙafa, wata ta kai shi Makka ta wanko da zamzam ta ninke ta sa a ƙasan adaka, lokaci lokaci ta fito da shi ta shanya tana hira da jikoki ko a jikinta. Jikokin ne ma ke cewa haba Hajiya ki daina, ita ko ta ce to da wa za ta bar wa ɗawainiyar.

Wani abin dariya, akwatin da za a binne da katakon wata bishiya da ake kira wawa ake yinsa, mai sauƙi da araha, ya yi makonni ana sassaƙa ana fenti, yini ɗaya ƙasa ta rufe shi. Wanda Turawa ke saye su kai gidan tarihi shi ake wa katako mai ƙwari don kar gara ta ci, kuma shi ba kowa a ciki.